Akwatin Kayan Jariri da Na Kai Kumasi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci kowane abu bisa ma'auni, Ya rataya al'amura ga sabubbansu, Ya bayyana wa bayinSa wasu, Ya ɓoye musu wasu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, tun da na dawo daga Kumasi ban samu na kai karatun la'asar ƙarshensa ba. Da na buɗe littafi sai wani ya ce, "Allah gafarta Malam, wai da gaske ne mutanen can ba sa tauna tuwo?" Sai zaure ya koma hira. Na ga ya fi dacewa in rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya tambaya a miƙa masa, mu kuma mu koma kan karatunmu.

Dalilin tafiyar shi ne 'yata Safiya, wadda ke aure a can. Mijinta Idirisu ɗan zangon Kumasi ne. Ya zo karatun boko Zariya, yana zuwa zaurena a Unguwar Juma da yamma yana ɗaukar fiƙihu, har Allah Ya ƙaddara na ba shi ita. Yanzu yana koyar da ilimin ƙididdiga a wata jami'a, yana kuma aiki tare da likitoci. Cikin Safiya na fari ta zo goyon ciki gida kamar yadda aka saba, ta haifi namiji, idonsa ya yi rawaya, shawara ta ɗauke shi kafin ranar suna. Ba shi ne farko ba. Ni da mahaifiyarta, Hajiya, mun binne maza biyu a kan wannan ciwo, ƙanwar Hajiya ma ta binne nata. 'Ya'ya mata kuwa suna tashi lafiya. Har magana ta fara yawo a cikin gari cewa 'yan matan gidanmu ba sa riƙe namiji.

Da Safiya ta sake samun ciki, aka duba aka ce namiji ne, sai Idirisu ya roƙi alfarma a bar ta ta haihu a can. Hajiya ba ta so ba, amma ta haƙura. Ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya, saboda haka ta haɗa akwatin kayan jariri, da zanen goyo na saƙi wanda ta gada daga mahaifiyarta, ta ce mini, "Malam, kai za ka zame mini ƙafa. Ka tabbata kayan da na haɗa su ne farkon abin da zai taɓa jikinsa." Na ce in Allah Ya yarda.

An haɗa ni da wani fatake ɗan Tudun Jukun, Alhaji Ɗanjuma, mai safarar goro, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Mutum ne mai barkwanci, ba ya jin nauyin rawani. Tun a tasha ya dubi akwatin ya ce, "Malam, wannan littattafai ne ko lefe? In lefe ne a faɗa mini, in san bakin da zan riƙe in mun dawo." Muka kama hanyar Legas. Ban ga abin ba da labari a hanyar ba sai ciwon baya, da direba wanda ba ya tsayawa salla sai an yi masa ca. A Legas muka sauka gidan wani tsohon ɗalibina a Agege, ya yanka mini kaza, ya tara maƙwabta su gaishe ni, har na rasa lokacin miƙe ƙafa.

A kan iyakar farko aka nemi katin allurar rigakafi. Na laluba aljihun riga, na laluba na 'yar ciki, babu. Na buga wa Hajiya waya, ta ce, "Ai na adana maka shi a ƙasan akwati don kada ya ɓata." Dole aka kwance igiya, aka buɗe akwatin a kan teburi a gaban jama'a. Ga 'yan riguna, ga huluna, ga safa, ƙanshin ƙwallayen kafur da ta zuba a tsakanin kayan ya cika wurin. Wata ma'aikaciya ta ɗaga 'yar hula, ta dubi furfurata, ta ce cikin gurɓatacciyar Hausa, "Baba, sannu da ƙoƙari! Amarya ya haihu?" Alhaji Ɗanjuma ya amsa mata tun kafin in buɗe baki: "Tagwaye ma muke sa rai." Na ce masa Allah Ya shirye shi. Har muka kai Kumasi bai daina kirana angon ƙarni ba.

Ƙasashe biyu rainon Faransa muka ratsa a gefen teku. Abin da na riƙe game da su shi ne burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, mai tauri, kuma 'yan acaɓa sun fi na Zariya yawa, har mata na tuƙa babur da kaya a ka. A zangon Lome muka yada zango gidan wani mai masauki Bazabarme. Na shiga masallaci sallar magariba, na fito na tarar wani ya tafi da takalmina ƙafa ɗaya, ya bar mini nasa ƙafa ɗaya, duka biyun na dama. Haka na taka zuwa masauki. Da asuba sai ga mutumin, tsoho ne kamata mai raunin gani, ya zo yana ba da haƙuri, ya ce shi ma bai gane ba sai da jikokinsa suka yi ta dariya.

Mun shiga Kumasi ranar Asabar, muka tarar gari ya cika da mutane sanye da baƙi da ja, ana kiɗa a ƙarƙashin rumfuna. Na ɗauka biki ne. Alhaji Ɗanjuma ya ce jana'iza ce, kuma a nan mamaci kan yi watanni a asibiti cikin sanyi kafin dangi su gama shiri. Na tuna yadda mu muke sallatar mutum kafin labarin rasuwarsa ya kai Sabon Gari. Kowa da abin da ya tarar. Musulmin zango dai suna binne nasu kamar yadda muke yi.

Akwai wata al'ada da mutanen zango suka ɗauka daga Asantawa, masu garin, na kuwa yaba da ita. In baƙo ya sauka, sai a ba shi ruwa, a zauna, sa'an nan mai gida ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, ko da kowa ya sani. Haka aka yi mini. Mahaifiyar Idirisu, Hajiya Adiza, mace mai jiki da murya, ta zauna a kujera, Idirisu ya durƙusa gefe, Safiya tana bakin ƙofa. Na yi bayani, na ce ga saƙon kakar yaro, na sa aka jawo akwatin aka buɗe.

Ƙanshin na tashi sai na ga fuskar Idirisu ta sauya. Ya miƙe, ya rufe akwatin, ya ɗauke shi da kansa ya fitar tsakar gida, ya dawo ya sake durƙusawa. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Wannan kaya ba zai shiga ɗakin Safiya ba."

Ban taɓa jin abin da ya yi mini nauyi daga bakin suruki kamar wannan ba. Na ce, "Idirisu, kayan da uwa ta haɗa wa 'yarta da hannunta? Ka ga ƙazanta a ciki ne, ko kuwa sihiri kake tuhumarmu da shi?"

Ya ce, "Subhanallahi, Baba. Kafur ɗin ne."

Hajiya Adiza ta tafa hannu ta ce, "Malam, rabu da shi, ba kai kaɗai ba ne. Ni ma ya kwashe mini hodar jarirai mai sanyin nan, da man zafi, har lalle ya ce kada a kawo. Ni dai na faɗa masa, abin nan a jini yake. Ba zagi ba ne, Allah ne Ya yi. Me ruwan kafur?"

Wato a zama ɗaya an mayar mini da kyauta, an kuma gaya mini a fuska abin da ake faɗa a bayan idona. Na dubi Safiya, na ga ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Saboda ita na bar maganar. Aka kawo dokunu, wato wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da barkono. Na ci kaɗan. A raina na ƙudura cewa in ban ji hujja ba, zan nemi a ba ni 'yata in koma da ita.

Da safe bayan mun karya da koko da ƙosai, Idirisu ya zo ya zauna a ƙasa, ya ce in ba shi izini ya yi bayani. Na ce kafur dai abu ne mai tsarki, da shi muke wanke mamatanmu. Ya ce wancan daban, daga itace ake samunsa. Waɗannan fararen ƙwallaye na kasuwa da ake korar asu da kyankyaso da su, suna kawai suka ara, haɗin masana'anta ne. Ya ce likitoci sun daɗe da sanin cewa akwai wani sinadari da ke tsare jajayen ƙwayoyin jini, wasu mutane kuma ana haifarsu da ƙarancinsa. Ta wajen uwa ɗa namiji yake gadonsa, shi ya sa ya fi bayyana ga maza. Mai wannan gado yana iya tsufa bai san yana da shi ba. Amma in jariri ne, ya shaƙi wannan kafur ko ya taɓa fatarsa, jininsa na iya fashewa, shawara mai tsanani ta biyo baya.

Na ce, "To, mahaifiyarka ta yi gaskiya ke nan, jini ne."

Ya ce, "Rabin gaskiya ta faɗa, Baba. Aikina ke nan, raba irin wannan gardama."

Ya jawo kwanukan koko huɗu da muka gama da su, ya jera a kan tabarma. Ya ce a ƙaddara an tara jarirai masu yawa. Kwano na farko, waɗanda ba su da gadon, ba a kuma sa musu kafur ba. Na biyu, ba su da gadon amma an sa musu. Na uku, suna da gadon, ba a sa musu ba. Na huɗu, suna da gadon, an kuma sa musu. Sai a duba kowane kwano, a ga kashi nawa ne shawara ta kama. In jini ne kaɗai, na uku da na huɗu za su zo daidai. In kafur ne kaɗai, na biyu da na huɗu za su zo daidai. Amma in aka ga na huɗu ya zarce abin da za a samu ko da an tara ƙarin na biyu da ƙarin na uku, to abu biyun ba jeruwa kawai suka yi ba, ɗaya yana ƙarfafa ɗaya.

Nan na fara jin ƙamshin abin da na sani. Na ce, "Wannan ai sababi da sharaɗi ne. Nisabi ba ya wajabta zakka sai shekara ta kewayo, shekara kuma ba ta wajabta komai ga wanda ba shi da nisabi."

Ya yi murmushi ya ce, "A zaurenka na fara jinsa, Baba. Sai dai bambanci ɗaya: a zakka, in sharaɗi bai cika ba, babu komai. A nan kuwa kwano na uku ba fanko ba ne. Mai gadon na iya yin shawara ko babu kafur, sai dai haɗarin bai kai ba."

Sa'an nan ya shiga lissafa mini inda irin wannan bincike yake zamewa, na kuwa ga ya fi tsoron kuskurensa fiye da yadda yake alfahari da hanyarsa. Ya ce mai yiwuwa gidajen da ke zuba kafur su ne kuma ke haihuwa a gida, su makara zuwa asibiti, sai a ɗora wa kafur laifin makara. Dole a gwada gida da gida irinsa. Ya ce uwar da ɗanta ya rasu tana tuna duk abin da ya taɓa jikinsa, wadda nata ya rayu kuwa ta manta, sai lissafi ya karkace. Na ce mu ma ba ma karɓar ruwaya sai mun duba kiyayewar mai ruwaya, ba gaskiyarsa kaɗai ba. Ya ce kuma kwano na huɗu shi ya fi ƙarancin mutane, saboda haka sai an tara daga garuruwa da yawa kafin a amince ba dace ba ne kawai.

Akwai wata gajeriyar hanya, in ji shi, da ake duba marasa lafiyan kaɗai, a ga ko gado da kafur suna yawan haɗuwa a cikinsu fiye da yadda ya kamata. Amma tana da sharaɗi: kada ya zama masu gadon sun fi sauran mutane amfani da kafur tun asali. Sa'an nan ya ce, "A gida irin naku, Baba, sharaɗin ya karye. Uwa ce ke ba 'yarta jinin, ita ce kuma ke koya mata yadda ake adana kayan jariri. Tare suke sauka daga uwa zuwa 'ya. Shi ya sa mai kallo daga waje ba zai iya raba su ba, sai ya ce jini ne kawai."

Wannan magana ta zauna mini. Na fara ƙirga masa 'ya'yana da na ƙanwar Hajiya, wanda ya rayu da wanda ya rasu, ina neman in tuna wa aka sa wa kayan akwati. Ya dakatar da ni da ladabi. Ya ce gida ɗaya ba ya isa hujja, ba a gwada jinin waɗanda suka rasu ba, shawara kuma tana da sabubba da yawa. Lissafinsa yana magana ne a kan jama'a, ba ya iya nuna kabari ɗaya ya ce ga abin da ya kashe mai shi. Ko Safiya ma zato ne mai ƙarfi, don gwajin mace ba koyaushe yake nunawa ba, sai an haifi yaron an gwada shi. Ya ce, "Jinin ba ni da iko a kansa. Kafur kuwa ina da iko. Shi ya sa na yi maka rashin kunya jiya."

Na ce masa ba rashin kunya ba ne. Na sa aka kira Safiya, na ce ta bi abin da mijinta ya ce, ni zan ɗauki nauyin yi wa mahaifiyarta bayani. Aka wanke kayan, aka sake wankewa, aka shanya su a saman bene, aka ce sai yaro ya yi ƙwari a tambayi likita. Hajiya Adiza ta sayo sababbi tana mita, tana cewa yaran zamani sun mayar da kakanni 'yan kallo.

Na zauna makonni ina jira. A nan na koyi haɗiye fufu, wato sakwararsu, ba tare da tauna ba, amsar tambayarku ke nan, da gaske ne. Na yi ɗan karatu a masallacin unguwa, inda suke ce da ni Malam Bazazzagi, suna dariyar yadda nake bambanta mace da namiji a magana, su kuwa kowa "ya zo" ne.

Safiya ta sauka lafiya a asibiti da hantsi. Aka gwada jinin yaron, aka ce yana da ƙarancin sinadarin. Bayan 'yan kwanaki da komawa gida, Safiya ta fito da shi hasken rana kamar yadda aka koya mata, ta danna goshinsa da yatsa, ta ga rawaya. Na ji muryarta daga ɗakina: "Baba! Baba, ya fara!" Na fito ba rawani. Na ce wa Idirisu, "Ga shi babu abin da ya taɓa shi!" Ya ce, "Kwano na uku ke nan, Baba. Mu tafi."

Aka kwantar da shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, an rufe masa ido da ƙyalle. Ni da Hajiya Adiza muka zauna a benci ɗaya a baranda, kowa da carbinsa, ba mai ce wa wani jini ne ko kafur ne. Ranar suna ta same shi a can. Aka yanka rago a gida, ni kuma aka ba ni riga da abin rufe baki, na shiga na raɗa masa suna Muhammadu Sani a cikin wannan haske. Likita ta ce shawarar ba ta hau can sama ba, kuma an zo da wuri. Bayan kwana kaɗan aka sallame su, yana tsotso yana tsala kuka. Na baro shi ya fara cika hannu.

Dawowa ba ta da labari, sai dai tun daga Lome nake juya yadda zan gaya wa Hajiya mahaifiyar Safiya. A waya na ce mata yaro lafiya, ban ƙara komai ba. Na iso gida da azahar. Bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ta kawo mini fura, ta zauna, ta ce, "Ya zanen goyon, ya yi masa?" Na gaya mata komai, ban rage ba, har kwanukan.

Sa'an nan ta ambaci sunayen 'ya'yanmu biyu da muka binne, waɗanda na yi shekaru ban ji a bakinta ba, ta ce, "Malam, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Ni ce?"

Na ce, "Na nemi in ƙirga su, wanda ya fi ni sanin lissafin ya hana ni. Ya ce iliminsa bai kai nan ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ya faɗi abin da ba shi da hujja a kai. Ga wannan ma ya yi shawarar, kafur bai taɓa shi ba. Ajalinsu yana wurin Wanda Ya ba mu su. Ke kuwa kin yi abin da mahaifiyarki ta koya miki don ki tsare su, ba a kama bawa da abin da bai sani ba. Abin da aka sani shi ne na gaba."

Ta share fuska. Ta ce, "'Yar ƙanwata da ke Tukur-Tukur watan haihuwarta ya kama." Ta dafa bango ta miƙe a kan gwiwar da ta hana ta zuwa Kumasi, ta jawo mayafi, ta ce a tsayar mata da mai Keke, ba za ta jira la'asar ba.

Allah Ya raya mana zuriya bisa imani da lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da jarirai. Wanda ya karanta wannan, Allah Ya sa albarka a gidansa, Ya tsare masa iyalinsa daga abin da ya sani da abin da bai sani ba. Amin.